Shirun da Ke Tsakiyar Faifanmu

Tun kuna ƙanana kuke tambayar mahaifiyarku abin da ya hana Kawu Tanimu shiga gidanmu. Ita ta ce ku tambaye ni, ni kuma in haɗe rai in ce a kawo mini ruwan sha. To yau zan faɗa. 'Yar'uwarku Hafsat ta san ƙarshen labarin don a gabanta aka yi, amma ita in ta tashi bayarwa sai ta zaɓi wuraren da za a yi mini dariya. Gara ku ji shi daga bakin mai shi tun ina da sauran numfashi.

Kawunku Tanimu yayan mahaifiyarku ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun kafin in san ta shi na sani. Shekara arba'in da ɗoriya muka yi muna haɗuwa a wurin suna da wurin jana'iza, in ce salamu alaikum, ya ce wa alaikumus salam, don kada a rubuta mana zunubin gaba, daga nan kowa ya nemi tabarmar da ɗan'uwansa ba ya kai. Mahaifiyarku ce ta sha wahalar abin. Ranar Salla ta dafa abinci ta raba biyu, ta yini tana kai-kawo tsakanin mijinta da yayanta, ta dawo tana murmushin dole. Na ji wasunku suna zaton a kan gado ne ko fili. A'a. A kan shiru muka ɓata, shirun da bai cika minti uku ba.

Ubanku makaɗi ne. Alhaji Lawan ɗin nan mai fitilun sola, wanda kuke rage ƙarar waya in kun ji takunsa, ya taɓa tara suma kamar kwando, da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa da ke share titin Fagge kyauta. Mu huɗu ne: Tanimu a jita, ni a ganga, sai Audu mai ogan da Bitrus mai jitar ƙugi, waɗanda duk sun riga mu tafiya. Mun sa wa kanmu suna Tsuntsayen Ƙarfe. A shagon wani mai gyaran rediyo a Sabon Gari muka lalace, inda muke zama muna jin fayafayan Turawa na lokacin, irin waɗanda jita ke kuka kamar mage ta maƙale a rufi, waƙa ɗaya ta cinye fuskar faifai guda tana sauya tafiya sau biyar kafin ta ƙare. Muka ce ai wannan bai fi ƙarfinmu ba. Tanimu ya kwaso salon gurmi da na kukuma ya ɗora wa jitarsa, ya bi da sautin ta wata tsohuwar sifika mai yagaggen ciki, wai kukanta ya fi daɗi. Ni kuma na ɗauko luguden matan gidanmu na mayar da shi ƙirga bakwai maimakon huɗun da kowa ya sani. Masu rawa sun tsane ni, don ƙafa ba ta samun wurin sauka. Sai da na tsufa na je China aka gaya mini wai abin da muka yi yana da suna, wai saikadelik muka gauraya da furogiresib. Mu dai a lokacin kiɗa muke yi.

Tanimu ne ya sayar da babur ɗinsa, wanda yake wankewa sau biyu a rana, muka kama ɗakin ɗaukar sauti na yini ɗaya a bayan wata silima, don mu yi faifanmu na farko. Fuskar farko mun gama ta kafin azahar. Fuska ta biyu waƙa ɗaya ce doguwa, Mafarkin Maƙeri, kuma mai ɗakin ya gargaɗe mu cewa tef ɗin da ya rage na ɗauka ɗaya ne, in mun ɓata shi ke nan. Muka shiga. Wallahi ranar kiɗa ya so mu. Muna tsakiya, daidai inda Tanimu zai saki jitarsa ta hau sama, sai Malam Ilu, ladanin masallacin da ke bayan katanga, ya ɗaga murya da kiran la'asar.

Hannuna ya tsaya cak. Zan so in ce muku tsoron Allah ne ya cika ni, amma ƙarya zan yi. Tarbiyya ce kawai. A gidanmu in aka fara kiran salla rediyonka na kunne, ranƙwashi za ka fara ji kafin bayani, kuma ko a gidan biki masu kalangu sukan sauke hannu har ladan ya gama. Hannun ne ya tuna, ni ban ma sani ba. In kuwa ganga ta tsaya kowa ya tsaya. Har Bitrus, ɗan coci, ya dafe igiyoyinsa, don a Kano ya tashi. Tanimu ya kafe ni da ido kamar zai cinye ni ɗanye, tef kuwa yana ta juyawa. Shi Malam Ilu tsoho ne mai jan murya, musamman layin ƙarshe, yakan ja shi har ka ce ba zai sauke ba. Yana saukewa na buga daidai inda muka tsaya, sauran suka biyo ni, muka kai waƙar gida.

Muna alwala Tanimu ya ce, "Ba komai. Kai za ka kai tef ɗin Legas. Ka ce su yanke wurin su haɗe, ba wanda zai sani. Ka ji ko, Lawan? Su yanke."

Na ce, "Na ji."

Na hau jirgin ƙasa da tef a cikin riga. A Legas aka kai ni wurin mai gyaran sauti, wani mutum mai tabarau da reza a hannu. Ya sa mini abin kunne ya ce in nuna masa daga ina zuwa ina. Sai da ya ƙara sautin sosai na ji abin da ban yi zato ba: can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya, ga muryar Malam Ilu ta ratso katanga ta shiga tef. Na dubi ƙasan ɗakin. Guntayen tef ɗin mutane ne zube ko'ina, yana taka su da takalmi, an tara wasu a kusurwa tare da ɓawon gyaɗa. Mu da aka koya mana in ka ga takarda mai sunan Allah a ƙasa ka tsince ka sa a ramin bango, yaya zan tsaya a yanke kalmar shahada a jefar a wannan ƙasa? Na ce masa ya bari, haka waƙar take. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ɗaga kafaɗa, don dama ya ce bai taɓa jin kiɗa mai ban mamaki irin namu ba. Sai da jirgi ya wuce Ilori na tuna ai da sai in ce ya yanke ya ba ni in sa a aljihu. Kun ga wayon ubanku. Da na dawo kuma ban gaya wa kowa ba.

Faifai ya fito, da hotonmu a jiki muna harara. Sati biyu muna taka ƙasa da ƙyar. Daga nan masu shaguna suka fara maido shi, wai lalatacce ne, yana mutuwa a tsakiya. Mai gabatar da shiri a rediyo ya sa shi sau ɗaya, mutane suka yi ta bugun rediyoyinsu suna zaton batir ne, bai ƙara sawa ba. Tanimu ya same ni a gaban shagon tela, cike da mutane.

"Ka kashe mu, Lawan. Na ce a yanke, ka ce ka ji."

Da na ce masa ya yi haƙuri, na gaya masa abin da na gani a ƙasan ɗakin nan, da ya zage ni ya huce, don Tanimu ba ya riƙo a lokacin. Amma idon mutane ya sa na kumbura.

Na ce, "To kai da jitarka kun fi ƙarfin kiran salla ne?"

Mutumin da bai taɓa rasa sahu ba na faɗa wa haka, a gaban jama'a. Ya dube ni, ya ce, "Wallahi ƙafata ba za ta taka gidanka ba." An riga an sa ranar aurena da ƙanwarsa. Ya zo ɗaurin aure, ya yi fatiha, ya tafi, kuma ya riƙe rantsuwarsa. Na sayar da ganguna na shiga kasuwa. Shi ya buɗe shagon gyaran rediyo. Laifina ne, ku rubuta ku ajiye.

Yanzu ku tsallako da ni Guangzhou. Kun san na daɗe a can ina saye wa mutanenmu fitilu da fankokin sola, in yini a Pazhou lokacin baje koli ina ciniki da masu masana'anta, in bi kaya har Huangpu in ga an rufe kwantena. Hafsat kuma tana karatun haɗa magunguna a Tianhe. A shekarar da nake ba ku labari, bayan baje kolin kaka, wani abokin cinikina na Maraɗi ya roƙe ni in nemo masa amfilifaya mai kyau don masallacin unguwarsu. Na shiga ɗaya daga manyan kasuwannin lantarki na Tianhe, ina hawa ina tambaya, kowa na ce mini meyo, wato babu irin wadda nake so, har na kai hawa na can sama inda ake sayar da tsofaffin kaya. Ina tafe ina mitar gwiwata, sai na ji lugude. Ƙirga bakwai. Na tsaya, wata mata ta yi karo da bayana ta yi mini masifa da yarensu ban ko waiwaya ba. Sai jitar ta shigo da kukan yagaggiyar sifikar nan. La ilaha illallahu! Na bi sautin kamar akuya ta ji dusa.

Ƙaramin shago ne cike da fayafayai har rufi. Mai shi wani mutum ne mai furfura ɗaure a ƙeya, sunansa Chen. Ya ce nihaw, wato sannu, na ce nihaw lawban, sannu maigida, na nuna garmahon da ke juyawa. Ya ɗauko kwalin faifan da hannu biyu kamar jariri, an sake buga shi sabo fil, ga mu nan mu huɗu muna harara. Na ɗora yatsa a kan mai sumar da ta fi ta kowa, na nuna ƙirjina. Ya dubi hoton, ya dubi hulata da tumbina.

"Meyo, meyo," in ji shi yana dariya yana kaɗa hannu.

Raina ya ɓaci. Ni za a ƙaryata a kan gangata? Na ajiye jaka, na naɗe hannun riga, na buga masa luguden a kan kantarsa, har da ɗan juyin da nake yi kafin ogan ya shigo, daidai lokacin da na cikin faifan ya yi shi. Bakin Chen ya buɗe. Ya zagayo ya riƙe hannuwana biyu yana jijjigawa, ya janyo kujera, ya ɗora ruwan shayi, ya shiga kiran mutane a waya yana ihu. Turancinsa bai fi nawa Sinancin ba, dole na kira Hafsat ta zo ta yi mana tafinta. Ina sane da abin da nake jawo wa kaina.

Ta shigo da jakar littattafai tana tambaya ko lafiya. Chen ya miƙa mata kwalin. Ta duba, ta sake dubawa, ta zauna a kan wani akwati.

"Abba, wannan kai ne? Wannan sumar taka ce ko aro ka yi? Innalillahi, dubi wando! Kai, wannan ba Kawu Tanimu ba ne?"

"Ke, tafinta na kira ki, ba 'yar jarida ba."

Ta yi dariya har da hawaye, ni ma na kasa riƙe fuska. Ta bakinta na ji cewa wani mai tara tsofaffin fayafayai ne ya tsinci namu, aka sake buga shi, yanzu masu son irin wannan kiɗa a ƙasashe da yawa suna lissafa shi cikin manya. Chen da abokansa uku suna da ƙungiya, suna aikinsu a cikin mako, ranar Asabar su haɗu su buga Mafarkin Maƙeri daga farko har ƙarshe. Yana zuba mini shayi ina ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, yadda ake godiya a can, sai faifan ya iso wurin. Ɗif. Na sunkuyar da kai don kunya. Chen kuwa ya rufe ido ya ɗaga yatsa, kada kowa ya yi motsi. Da ganga ta dawo ya saki numfashi ya yi ta zuba.

Hafsat ta ce, "Abba, wai wannan shirun shi ne zuciyar faifan. Wai saboda shi ake sonsa. In suna bugawa sukan ajiye agogo a gabansu su tsaya ƙiƙam har lokacin ya cika, 'yan kallo ma ba mai tari. Ya ce shekara da shekaru suna gardama a kan ma'anarsa, wasu sun ce mutuwar maƙerin ce, wasu sun ce farkawarsa ce. Yana roƙonka ka gaya masa."

Shaiɗan ya raɗa mini in ce mutuwar maƙerin ce, in sha shayina in tafi da girmana. Amma rufa-rufa a kan wannan shirun ta riga ta ci mini aboki, ban ga dalilin ƙara mata wani ba. Na ba su labarin Malam Ilu, da ranƙwashin mahaifina, da reza, da ɓawon gyaɗa. Na faɗi abin da na ce wa Tanimu, Hafsat ta fassara. Chen ya miƙe. Ya mayar da allurar baya, ya sa abin kunne, ya murɗa sautin har ƙarshe. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya cire ya yi magana a hankali, Hafsat ta juyo gare ni.

"Ya ce su duk sun ɗauka iska ce. Ya ce ashe wurin ba fanko ba ne, mutum ne yake waƙa kuka ba shi hanya."

"Gaya masa ba waƙa ba ce, kira ne. Kuma kada in ji sun ƙara sautinsa sun ɗora masa kiɗa."

Ya dafa ƙirji ya yi alkawari. Sannan ya roƙe ni in zauna musu a ganga Asabar mai zuwa ta sama. Na ce Allah ya kiyaye, ni da jikoki. Hafsat ta gaya masa na amince.

Kafin in isa masauki mahaifiyarku ta kira daga Kano, don 'yarta ta riga ta tura mata hoton kwalin.

"Alhaji, ashe abin da ya raba ku shi mutanen duniya suke so?"

"Haka suka ce."

"To ka kira Yaya ka gaya masa."

"In ce masa me, Hajiya? In ce ashe ni ke da gaskiya? Ai ƙara ɓatawa zan yi."

"Ba gaskiya za ka gaya masa ba, haƙuri za ka ba shi. Shekara arba'in ina raba tuwo biyu, na gaji."

Ban taɓa jin ta faɗi haka ba. Na ɗauki waya na yi wa Tanimu saƙon murya, na goge, na sake, har sau shida. Na bakwai na faɗi komai tiryan-tiryan, na ce kalmar da na faɗa a gaban shagon tela zalunci ce, ya yafe mini don Allah. Na tura. Alama ta nuna ya saurara. Kwana ɗaya, kwana biyar, kwana goma, ko uffan. Ina zuwa shagon Chen da rana ina gwaji, hannuwana na ciwo, zuciyata na Kano. Ana gobe wasa mahaifiyarku ta ce za ta kai masa wayarta har shago a lokacin da za mu fara. In ya kalla to, in bai kalla ba ta fita haƙƙinmu.

A wani tsohon sito ne a bakin kogi, ƙarfe biyar na yamma, goma na safe ke nan a Kano. Na yi la'asar a bayan dandamali a kan kwali. Wurin ya cika da samari da 'yan mata da masu furfura, ga kuma 'yan Maraɗi uku da ɗaliban Kano da Hafsat ta kwaso, sun zo ganin Alhaji zai ji kunya. Hafsat ta kira mahaifiyarku ta bidiyo, ta jingina wayar a jikin ƙarfen makirfo kusa da gangata. Na leƙa. Fankar silin kawai nake gani tana juyawa, da gefen wata tsohuwar rediyo. Tanimu ya karɓi wayar, amma ya kwantar da ita a kan tebur. Chen kuma ya ɗauke agogon da suke ajiyewa ya sa a aljihu, ya ce yau mai shirun yana nan, ni zan dawo da su.

Muka shiga. Jama'a, daɗi! Na manta gwiwa, na manta furfura. Mai jitarsu wata likitar haƙori ce 'yar siririya, amma ta haddace kukan Tanimu kamar a bayansa aka goya ta. 'Yan Maraɗi suna ta "Kai! Kai! Alhaji!" hulata ta faɗi ban bi ta kanta ba. Muka iso wurin, na sauke hannu, sito ya yi tsit. Na fara bin kiran Malam Ilu a zuciyata, layi bayan layi, yadda ake amsa wa ladan. Amma idona na kan wayar, fanka na ta juyawa, ba motsi. Na ce shi ke nan, ya tashi ya bar ta. Zuciyata ta yi ta gudu, kiran ma ya yi ta gudu, na kai ƙarshe na ɗaga sanduna.

"Lawan, dakata! Malam Ilu bai sauke ba."

Makirfo ya ɗauka, duk sito ya ji. Sanduna suka tsaya a sama. Muryar Tanimu ce, ta tsufa, ta dushe, amma ita ce.

"Ka manta yana jan na ƙarshen? Kullum gaggawa."

Ba wanda ya fahimci Hausar sai mutanenmu, su ma ba wanda ya yi motsi. Na tsaya hannu a sama, hawaye na bin gemuna. Mutumin da ya ce shirun nan ya kashe mu, ashe ya san tsawonsa fiye da ni da na yi shi. Ba a sanin wannan sai an yi ta saurara. Fanka ta kauce, fuskarsa ta cika wayar, ba haƙora biyu na gaba, kansa a karkace yana jin ladanin da ya rasu tun kafin a haifi Hafsat. Can ya gyaɗa kai.

"To, shiga."

Na buga. Ban taɓa buga ganga irin ta ranar ba, har sanda ɗaya ta tsage. Da muka gama mutane suka miƙe suna tafi, Chen ya ɗaga wayar sama yana nuna musu mai jitar asali, suna ta ihun shiye-shiye, wato mun gode, Tanimu yana ɗaga musu hannu kamar gwamna. Ta bayansa ina jin mahaifiyarku tana guɗa a cikin shagon gyaran rediyo.

Da na dawo gida hutun ƙarshen shekara, kwana biyu da sauka, ina zaune a tsakar gida da hantsi na ji sallama a zaure. Na fita. Tanimu ne tsaye da sanda, da wani tsohon kwali a hammata, gefensa duk ya cinye. Namu ne, bugun farko.

Ya ce, "Jiya na ciyar da mutum goma, rantsuwata ta warware. Matsa mini in wuce."

Na matsa. Ya cire takalmi, ya shigo da ƙafar dama, yana duba gidan da ƙanwarsa ta yi shekara arba'in a ciki.

"Yarinyar nan mai jita ba laifi," in ji shi yana zama. "Kai ne dai har yanzu hannunka na rawa a juyi na uku."

"Kai kuma da ka bar ni kwana goma ba amsa fa?"

"Kai ka bar ni shekara arba'in."

Mahaifiyarku ta fito daga kicin, ta dube mu, ta koma. Da ta sake fitowa kwano ɗaya ta ajiye a tsakaninmu.